Hanyar Tudu zuwa Suwidin

Zuwera ta shimfiɗa taswira a gaban Hasumi, wanda za ta aura, a wani gidan shayi a unguwar Guillotière. Bincikenta a jami'a kan matafiyan ƙarni na sha tara ne, waɗanda jiri da amai a jirgin ruwa suka sa su neman hanyar tudu zuwa Suwidin. Yanzu can aka ba ta aiki.

"Ka rantse ba ka sake shiga teku," in ji ta. "Duba, jirgin ƙasa ne har Stockholm. Yanzu akwai gada."

Ya bi jan layin da ta zana a taswirar da yatsa, ya tsaya cak a iyakar Jamus.

"Ba teku ba ce, Zuwera. Takarduna na izinin zama sun mutu tun bara."

Hannun Zuwera na cikin jaka, a kan tikiti biyun da ta riga ta yanka.