Butloda Kafin Rumbu

Ranar Asabar da hantsi, Sumayyat ta shiga ɗakin gwajin jini na Alhaji Hammanjoda a Mubi da laftof a hammata da fushi a ranta. Ita ke kula da kwamfutocin wurin, kuma a ranar za ta sabunta babbar da ke riƙe da sakamakon marasa lafiya.

Timothy ne dalilin fushin. Shi ya riƙe aikin kafin a mayar da shi reshen Maiha, shi kuma ya haɗa manyan kwamfutocin rassan biyu. Da ya gama ta Mubi sai ya kwafe ta sukutum ya kai Maiha, ko suna bai canza mata ba. Da ya ji shirinta, ya bugo wa Alhaji ya ce yarinyar nan za ta kashe na'urar da ke aiki lafiya.

Alhaji bai san kwamfuta ba, amma ya san layin marasa lafiya. Ya ce mata, "'Yata, ki yi abinki. Amma in aiki ya tsaya a wurina ta dalilinki, ki ajiye makulli."

Ba ta haɗiye ba. Ta buɗe laftof a kan teburinsa, ta shiga kwamfutar Maiha ta intanet, ta juyo masa da allon. Timothy yakan sabunta babbar manhaja in an matsa masa, amma bai taɓa waiwayar butloda ba, wato 'yar manhajar da ke fara farkawa ta tayar da sauran. Tana nan yadda aka sa ta ranar farko.

"Ga gwaninka, Baba," ta ce. "Duk ranar da wani ya ɗaga rumbun ajiyar nan zuwa sabon tsari a kan wannan tsohuwar butloda, kwamfutar ba za ta sake tashi ba. Shi ne ke koya mini aiki?"

Ta rufe murfin laftof da ƙarfi, ta wuce ɗakin na'ura.

A can ta yi komai bi da bi, a tsaye gaban kwamfutar, da madannanta, ba da laftof ba. Ta kwafi bayanai ta adana a wani faifai daban. Ta sabunta babbar manhaja. Rumbun faifai biyu ne da aka haɗe, kowanne na ɗauke da abin da ke cikin ɗayan, don haka ta sa sabuwar butloda a kan duka biyun. Ta kashe, ta kunna. Na'urar ta yi 'yar ƙararta ta farkawa, ta tashi lafiya.

Saura ɗaga rumbun, matakin da ba a komawa baya in an taka shi. Ta bar shi sai bayan azahar, ta ga yadda sabuwar manhajar za ta ɗauki aikin yini.

Kafin lokacin an ɗauke wuta, an tayar da janareto, ɗakin na'ura ya zama tanda. Ta dawo wurin karɓar baƙi, ta zauna kusa da Mercy mai buga sakamako, ta ɗaga murfin laftof. Baƙar tagar umarni na nan a buɗe, da sunan kwamfutar da ta saba gani. Ta duba rumbun, ya ce tsohon tsari ne, kamar yadda ta zata. Ta ɗaga shi. Ta ba da umarnin a kashe a kunna. Tagar ta daskare.

Ta kasa kunne ba ta ji ƙarar farkawa ba, amma da janareto a bayan taga mutum ko tarinsa ba ya ji. Ta leƙa ɗakin na'ura. Fitilu kore, fanka na juyawa.

"Anti, har kin gama?" in ji Mercy. "Ni ko gezau allona bai yi ba."

"Haka ake aiki," Sumayyat ta ce.

Wayarta ta yi ƙara. Timothy. Ta katse. Ya sake bugowa, ta sake katsewa. Ya bugo jin labarin faɗuwarta ne, ta sani, kuma ba ta da niyyar ba shi amsa ita kaɗai. A gaban Alhaji ya ɓata ta, a gaban Alhaji zai ji sakamako. Da ya buga na gaba ta kife wayar a kan tebur.

Ta je ofis ta kira Alhaji da kanta. Ya biyo ta ɗakin na'ura yana fifita da hularsa. Ta ajiye laftof a kan kujera, ta jawo madannan babbar kwamfutar.

"Ka duba da idonka, Baba, don gobe kada wani ya kawo maka tsegumi."

Ta tambayi na'urar halin rumbunta. Amsa ta fito: tsohon tsari, ba a ɗaga ba. Ta ja tsaki, ta sake bugawa. Amsar ba ta canza ba. Ta tambaye ta yaushe rabonta da kashewa. Tun da safe.

Wayar Alhaji ta yi ƙara a aljihu. Ya ɗaga, ya saurara, ya daina fifita.

"Timothy, yi a hankali. Wane baƙin allo? Mutum nawa ke jira?"

Sumayyat ta juya ta dubi laftof. A saman daskararriyar tagar, da ƙananan lambobi, adireshin kwamfutar Maiha ne, inda ta shiga da safe a kan teburin Alhaji ba ta fita ba.