Ƙofar da Tjitske Ta Rufe

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Juma'a sanarwar ta fito, Tjitske ta karanta ta a tsaye. An gano ɓaraka a manhajar da ke tace saƙonnin imel. Duk wanda ya shiga da ƙaramin asusu, ko na mai gadi ne, zai iya ɗaga kansa ya zama mai cikakken iko, ya karanta wasiƙar kowa. An fitar da gyara, amma yanzu ɓarayin duniya kaf sun san hanya.

Kamfanin jiragen ruwan dakon kayan nan na garin Delfzijl kuwa da wannan manhajar yake aiki.

Ta zauna a teburin kicin, ta miƙe, ta sake zama. Roelof, shugaban sashen kwamfuta, yana can Faransa yana hutu. Mataimakinsa kuma ba ya taɓa komai ranar Juma'a, wai kada abu ya lalace ya ɓata masa ƙarshen mako. Malalata kawai! Idan wani ɗan iska ya faɗo ya kulle musu fayiloli, masu bincike za a kira su wanke komai tas, aikinta na wata bakwai ya bi ruwa.

Mahaifiyarta, wadda ta dawo gidan tun rasuwar Baba, ta ajiye mata burodi da cuku.

"Ke, wannan zirga-zirgar fa? Ki kira ogan naki mana."

"Mama, ba irin wanda ake kira ba ne."

"To ci abinci, kin rame kamar tsinke."

Ba ta ci ba. Tuni baƙin adireshin intanet suka fara ƙwanƙwasa ƙofar na'urar kamfanin, biyu, tara, talatin. Babu wanda ya ba ta izini, babu kuma lokacin nema. Ta ɗora gyaran da kanta, ta sake kunna na'urar.

Minti huɗu saƙonnin kamfanin suka tsaya cak. Wallahi tsoro ya kama ta. Mutum ɗaya ya yi ƙorafi a ofis, shi ke nan.

Na'urar ta dawo. Baƙin suka ci gaba da ƙwanƙwasawa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Tjitske ta kifa kai a kan tebur tana sauke numfashi.

"Kamfanin nan ya yi sa'ar ma'aikaciya," in ji mahaifiyar, tana shafa mata baya. "Su dai ƙara miki girma."

Tjitske ta yi murmushi. A kamfanin babu wanda ya taɓa jin sunanta. Ita ma ta wannan ɓarakar ta shiga wata bakwai da suka wuce, kuma ba za ta fita ba sai ta samo wasiƙar da ke nuna sun san jirgin yana yoyo kafin su tura mahaifinta teku a cikinsa.