Keke Ba Kaya

A tudun ƙarshe ƙafafuna suka gaza. Na sauka, na turo keken a kan tsakuwa har cikin tsohon ƙauyenmu, gumi na shiga idona.

Baba na zaune a ƙofar gida. Ya ɗaga keken da hannu ɗaya, ya leƙa bayansa.

"Ina wurin ɗaura kaya?"

"Ba a ɗora masa kaya, Baba. Na motsa jiki ne."

"Motar taka ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau."

Ya daɗe yana murza gwiwoyinsa da suka daina lanƙwasuwa.

"Shekara talatin ina hawa tudun nan da buhu biyu a baya," ya ce, "don kada kai ka hau shi."