Manomin da Ya Zuba Data a Rumbu

Tunda ka shigo kana huci an sake ƙara kuɗin data, har kana rantsuwa za ka loda mai yawa ka ɓoye kafin su kuma ƙarawa, gyara zama, ɗan'uwa. Ni ma abin yana ƙona mini rai. Amma ka ji misalin wani manomi tukuna.

Manomin nan gwanin ajiya ne. Da kaka, lokacin da kowa ke rige-rigen kai gero kasuwa, shi sai ya zuba nasa a rumbu ya liƙe da laka, ba zai fasa ba sai tsakiyar damina da mudu ya yi tsada. Bai taɓa faɗuwa ba, shi ya sa ba ya jin maganar kowa. Ƙauyensu kuwa irin wanda sabis bai san da zamansa ba ne. Wuri ɗaya ake samu, kan wani dutse a bayan gari, shi ma sai ka hau can ƙololuwa ka ɗaga waya sama kamar mai miƙa wa raƙumi harawa. 'Yarsa guda ɗaya tana aure a Fatakwal, ga ta da cikin fari, sai mijinta ya aiko wa surukansa babbar waya don uwa da 'ya su riƙa ganin juna. Ran kasuwa mai cajin waya ya tsegunta wa manomi cewa data za ta tashi. Ya yi murmushi, don an zo fagensa. Ya kama bunsuru ya sayar, ya sa aka loda masa data ta kuɗin kakaf. Mai caji ya buɗe baki zai yi masa bayani, manomi ya ɗaga masa hannu ya ce, "Yaro, tun ba a haifi ubanka ba nake ajiya." Da ya koma gida ya kashe wayar, ya naɗe ta a tsumma, ya tura ƙasan adaka, ya rataya mabuɗin a wuya.

Data kuwa ta tashi kamar yadda aka faɗa, ta sake tashi. Duk ranar da aka ƙara, manomi yakan zo majalisa ya zauna yana shafa gemu, yana yi wa masu kuka jaje, alhali cikinsa fal daɗi. Matarsa ce ba ta ga abin daɗi ba. Kullum tana roƙo a hau dutse ko sau ɗaya ta ga yadda yarinyar take, kullum amsarsa ɗaya: ba a fasa rumbu da kaka, a bari sai ranar suna a ci da hujja. Haka ta haƙura da guntun labarin da direban motar kasuwa ke kawo mata, wanda bai wuce "suna lafiya" ba.

Aka haihu, namiji. Ranar suna manomi ya gayyaci dangi da maƙwabta su zo kallon jika. Matar ta yi lalle, ta soya waina. Ya sa babbar rigarsa ta salla, aka ɗora tsohuwar uwarsa a jaki har gindin dutse, daga nan aka riƙa karɓa-karɓa da ita har sama, tana salati tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro waya. Aka kunna, aka danna kira. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Manomi ya ɗaga hannu, ya juya gabas, ya juya yamma, ya yi ɗage, har ya taka kafaɗar ƙanensa, iska na kaɗa babbar riga, zobe dai na ta juyawa. Sai mai caji, wanda ya biyo waina, ya karɓa ya duba, ya ce a hankali, "Baba, ai babu komai ciki. Data wata guda take yi, ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba, sai su kwashe abarsu." Manomi ya girgiza wayar, ya leƙa bayanta. Ya ce shi dai ya san ɓera, ya san gara, ya san ƙwaro, kuma kowannensu yakan bar wa mai rumbu ko ƙaiƙayi ne, amma bai taɓa ganin ɓarawon da ke shara bayan ya gama ba.

Matar ta kwance bakin zanenta, ta ba mai caji ɗan cinikin daddawarta, aka tura mata abin da ya samu a sabon farashi. Kira ya shiga. Aka ga rabin fuskar mai jego da tafin ƙafar jariri, uwa ta ce "'yar nan", hoto ya daskare, shi ke nan. Ta daɗe tana kallon ƙafar nan. Sannan ta juyo ta ce, "Malam, ta yi laulayinta, ta yi nauyinta, ta haihu, ban ga idonta ba. Bunsurun ma ya tafi." Ta ɗauki kwanon wainarta ta fara sauka, aka bar shi a sama da mabuɗi a wuya da tsohuwa mai jiran a sauko da ita.

To ka ji, ɗan'uwa. Gero a rumbunka yake kwana, ita kuwa data a hannun mai sayarwa take kwana. Sayi wadda za ka ci, ka kira naka tun suna ɗagawa. Hausawa sun riga sun gama magana: ba a ba kura ajiyar nama.