Izinin Likitan Ruga

Karo na uku ke nan Haulatu tana jona wayar a kwamfutarta, karo na uku kuma allon ya watso mata jan rubutu: ba a yarda da wannan na'ura ba.

Mai wayar, wani dattijo mai farin gemu, yana zaune a benci ya ɗora jiƙaƙƙiyar hularsa a gwiwa. Da sassafe ya taso daga Babban Mutum a kan babur, ruwa ya tare shi a hanya. Dama kwana uku mura na cinsa. Yanzu muryar ta dishe gaba ɗaya, sai an kara kunne ake jin abin da yake faɗa.

Buƙatarsa ba ta da yawa. A cikin wayar akwai darussa arba'in na Likitan Ruga, mutumin nan da makiyayan ƙasar Daura suka san muryarsa ba su san fuskarsa ba. So yake a kwafe su a memori, a raba wa masu shanu su sa a rediyoyinsu. Ciwon baki da kofato ya ɓulla a rugage biyu ta wajen iyaka, kuma yawancin mutanen can ba su da babbar waya.

Sai dai kamfanin da ya naɗi darussan ya kulle su. Ba sa tashi sai a cikin manhajarsa, a wayar da aka yi wa rajista. Ita wayar ma akwai wani ɗan mai gadi da aka dasa mata a ciki, duk kwamfutar da aka jona sai ya nemi ganin hatimin kamfani. Kwamfutocin Haulatu kuwa, tsofaffi huɗu da ta tayar da hannunta a shagonta na hanyar Kusugu, buɗaɗɗiyar manhaja ce a kansu, irin wadda kowa ke da damar dubawa, ya gyara, ya ba wani. Ba su da hatimin kowa. Don haka wayar ta ɗauke su ɓarayi.

"Baba, ka ga abin da nake faɗa wa mutane?" in ji ta. "Waya taka ce, amma umarnin wani take bi."

Dattijon ya yi dariya har ta koma tari. Da ya lafa, sai ya nuna bakin wayar, ya nuna makirfon da ke gefen teburinta. Ta gane nufinsa: a kunna darasin a fili, a sake naɗarsa. Kafin ta miƙa hannu har ya jawo makirfon, ya auna tazarar taƙi ɗaya, ya ɗan karkata shi gefe.

Ta kunna darasin farko don gwaji. Murya mai kauri da natsuwa ta cika shagon, tana bayanin yadda ake ware saniyar da ta fara dalalar da yawu. Leɓen dattijon na motsi tare da ita. Haulatu ba ta yi mamaki ba, mahaifinta ma ya haddace rabin darussan nan.

Naɗin ya fito tas. Amma maimakon ta ci gaba, sai ta tsayar, ta goge shi.

"Hanyar tana aiki, Baba, amma ba zan bi ta haka kawai ba. Makullin kamfani bai dame ni ba. Hakkin bawan Allahn nan nake ji. Shekara uku da suka wuce, a Sandamu, shanun babanmu goma sha ɗaya suka kwanta. Da muryar nan aka tashe su, ko ɗaya ba ta mutu ba. Ni kuma in ɗebi aikinsa bai sani ba? Me zan ce wa Allah?"

Dattijon ya ɗaga yatsa zai yi magana. Ina, Haulatu ta riga ta yi nisa. Ta ce ai daga jin muryar an san babban likita ne, dogo, mai farin gilashi, wataƙila yana Kano ko Abuja a ofis mai sanyi. Dattijon ya sunkuyar da kai yana kallon taɓon da ke takalmansa, kafaɗunsa na rawa. Ta zaci tarin ne ya dawo, ta zuba masa shayi mai citta daga filas ɗinta.

Ta kira kamfanin. Bayan doguwar jira, wata mata ta ce makullin ba ya buɗuwa ga kowa. Amma a yarjejeniyarsu, mai darussan yana da ikon ba makiyaya kyauta, in shi ya faɗa da bakinsa. Lambarsa fa? Ba sa bayarwa.

Haulatu ba ta saduda ba. Ta kira Maliki, ɗan kawunta mai sayar da maganin dabbobi a kara, kasuwar shanu. Maliki ya kira wani dillali, dillalin ya kira wani ardo. Kafin azahar saƙo ya shigo da lamba.

Ta gyara zaman mayafinta kamar mai shiga gaban alƙali, ta maimaita gaisuwar da za ta yi har sau biyu.

"Baba, taya ni da addu'a ya ɗauka. Manyan mutane ba su cika amsa baƙuwar lamba ba."

Ta danna lambar.

Wayar da ke jone a kan teburinta ta kama ruri. Dattijon ya kurɓe sauran shayinsa, ya zare mata igiya a hankali, ya kara ta a kunne, ya dubi Haulatu ido cikin ido, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Na ba ki izini, 'yata."