Hanyar da Baba ya zana a rairayi

Ina da shekara shida, wata biyu da rasuwar Innata, Baba ya kira ni bayan la'asar ya ce gobe zai kai ni Damagaram in ga gari. Ya tsuguna a tsakar gidanmu na Tirmini, ya karyo kara yana zana hanya a rairayi: nan tasha, nan manyan duwatsu, nan kuma cikin Birni gidan ƙanwarsa, Gwaggo Zali mai ƙosai.

"In kin ɓace cikin mutane, ina za ki ce gidanku yake?" in ji shi.

"Tirmini."

"A'a. Ki ce Birni, gidan Zali mai ƙosai. Maimaita."

Na yi ta maimaitawa har ya daina gyara mini. A bakin ɗaki akwai ƙunshi ɗaure da zanen Inna, kayana duka suna ciki, har da ɗan ƙoƙon da nake shan fura. Na gan shi sarai. Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba. Zanen hanyar kawai nake kallo.

"Baba, ina hanyar komowa?"

Ya daɗe yana juya karan a hannu, sannan ya ce in tashi in wanke ƙafafuna.

Yanzu har na yi jikoki, kuma idan na tuna ranar ba na jin haushinsa, ba na jin kewa. Amma duk wanda ya tambaye ni daga ina nake, kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce Birni.