Takalma a Bakin Ƙofa

Karo na uku ke nan da ta zauna a bencin ofishin 'yan sanda, kai a sunkuye. Ita da takalma take gane mutane, don ba ta iya ɗaga ido ta kalli namiji.

Ranar farko ɗan sandan da ke tebur ya ce oga ya fita. Rana ta biyu ya ba ta takarda ta cike: suna, unguwa, lambar wayar maigida. Ta kusa awa tana haɗa baƙaƙe, ya jefa a durowa ko dubawa bai yi ba.

Maganar da ta kawo gajeriya ce. Akwai mutumin da ke tara samari a wani ɗakin baya kullum bayan la'asar. Yana tura musu bidiyo a waya, yana ce musu duk wanda bai bi su ba, jininsa ya halatta. Wata uku da suka wuce takalman mutum huɗu take ƙirgawa a bakin ƙofar. Yanzu goma sha bakwai. Makon jiya ta ga silifas ɗin ƙanenta a cikinsu, shuɗi, wanda ita ta ɗinke masa da ya tsinke. Jibi za a kwashe su zuwa daji.

"To wane ne mutumin?" in ji na tebur, yana latsa waya.

"A kai ni wurin oga, a rufe ƙofa. Zan faɗa."

"Ke da ko gaisuwarki sai an kasa kunne? Oga ba ya jin raɗa, ƙanwata."

Aka yi dariya. A kan taga rediyo na ta roƙon jama'a, duk wanda ya ga wani abu ya kai rahoto. Ta ji kamar ta buga shi da ƙasa.

Wani dattijon saja ne ya tausaya mata. Ya tono takardarta daga durowa, ya fita da waya a kunne, ya dawo mata da ruwa a kofi.

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Kunya ce ke damun ki, nima ina da irinki a gida. Na kira maigidanki, na faɗa masa komai, ɗakin, samarin, har maganar jibi. Ya ce kada in bari ki motsa, ga shi nan tafe. A gabansa bakinki zai buɗe."

Ruwan ya zube mata a cinya. Ta miƙe.

"Haba, zauna mana," in ji saja, ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi.

Ba a jima ba aka yi sallama. Ba ta ɗaga kai ba.

Takalma ruwan ƙasa suka tsaya a gabanta, waɗanda ta goge wa maigidanta da safe, waɗanda kullum su ne ke fara isa ƙofar ɗakin bayan gidansu kafin sauran goma sha bakwai su biyo.